Tsohuwar Sakandare: Yadda Ake Gane Shekarun Gini, da Abin da Ke Rusa Shi Bayan Ɗalibai Sun Tashi

Ƙananan garuruwa da dama a kewayen Jos suna da wani wuri da ake kira tsohuwar sakandare. A wani garin ya koma ofishin 'yan sanda, a wani ma'ajiyar takin ƙaramar hukuma, a wani kuma ba kowa sai awaki da masu shanya acca a baranda. In aka tambayi mutanen gari me ya lalata shi, amsar da ke saurin fitowa ita ce tsufa. Wanda ya san gini ba zai karɓi wannan amsa ba, domin a haraba ɗaya za ka tarar da ajin dutse da aka gina kafin samun 'yancin kai yana tsaye ƙyam, ga kuma ajin bulo da aka yi bayansa da shekara ashirin ko talatin ya durƙushe. Abu biyu ke kashe irin waɗannan gine-gine: ruwa, da rashin wanda za a kama da laifi in ruwan ya shiga. Shekaru kuwa shaida kawai suke bayarwa.

Yaya ma gini ke zama tsohuwar makaranta alhali makarantar tana nan da ranta? Hanyar da ta fi yawa ta samo asali ne daga 1976, shekarar da gwamnatin soja ta fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Yaran da suka shiga aji ɗaya a lokacin sun gama aji shida a 1982, sakandaren da ake da su kuwa ba za su ɗauke su ba. Sai gwamnatocin jihohi, a zamanin da Solomon Lar ke riƙe da Filato daga 1979 zuwa 1983, suka shiga buɗe makarantun jeka-ka-dawo a duk inda aka samu rufi: ajujuwan firamare na aro, tsohuwar kotun En'e, sito, gidajen ma'aikatan kuza da suka tashi. A takarda sunan wurin matsuguni na wucin gadi. Wucin gadin kan kai shekara goma ko ashirin, iyaye su yi karo-karo su ƙara aji biyu, wani ɗan siyasa ya ƙara ofishin shugaban makaranta. Ran da aka kammala matsugunin dindindin a bayan gari, sai a kwashe benci da allo da rajista a tafi, ba tare da an rubuta wa aka miƙa wa makulli ba.

Akwai wasu hanyoyin. An daina horar da malamai masu daraja ta biyu, kwalejojinsu suka koma sakandare, ɗakunan kwana da kicin suka yi wa sabuwar makarantar yawa aka rufe su. Tsarin 6-3-3-4 da ya fara a 1982, da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, sun raba ƙaramar sakandare da babba, har ka ga shugabanni biyu a haraba ɗaya kowa da hukumar da yake kai wa rahoto, ginin da ke tsakani kuwa ba na kowa ba ne sai ranar rabon kwangila. Faɗuwar farashin kuza a kasuwar duniya a 1985 ta rage mutanen wasu garuruwan haƙa. Rikice-rikicen Jos na 2001 da 2008 da 2010 kuma sun sa jama'a sauya unguwa, wasu makarantu suka rasa ɗalibansu, wasu suka zama sansanin 'yan gudun hijira ko na jami'an tsaro na wani lokaci. Ginin da mutum ɗari biyu suka yi wata shida suna girki a cikinsa da itace, yana da alamar da ba ta ɓuya: baƙin hayaƙi a sili, da ƙyauren da aka cire aka hura wuta da shi.

To, in ana son sanin tarihin irin wannan gini, bango ne shaidar farko. Jirgin ƙasa ya iso Jos da Bukuru daga Zariya a 1914, babban layin da ya biyo ta Kafanchan kuma ya iso a 1927. Su suka sa kwano da siminti suka samu hawa tudun nan cikin sauƙi, amma simintin daga ƙasar waje yake zuwa, don masana'antar siminti ta farko a Najeriya, ta Nkalagu, sai a 1957 ta fara aiki. Saboda haka maginan wancan zamani da awo suke taɓa siminti. Dutse kuwa ga shi nan a banza. Sukan fasa shi su jera bango mai kaurin ƙafa ɗaya da rabi, wani lokaci har biyu, su haɗa duwatsun da laka ko farar ƙasa, sai a fuskar waje kawai su bi tsakanin dutse da dutse da ɗan siririn siminti. Ka sa ƙusa ka ƙwaƙule wannan siririn layin a wani lungu. In ka tarar da jar ƙasa a bayansa, to kana gaban gini irin na zamanin En'e da mishan, zamanin da aka kafa makarantu irin su sakandaren maza ta Gindiri a 1950 da kwalejin St. Joseph ta Vom a 1958. Sauran alamominsa su ne baranda mai faɗi, bakin rufi da ya zarce bango da ƙafa biyu zuwa uku, daɓe da ya ɗara ƙasar waje da taki biyu ko uku, da tagogin katako ko na ƙarfe masu buɗewa waje. A inda dutse ya yi nisa, an yi amfani da marmara da aka yanka, ko tubali da aka yaɓe.

Daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa na 1970 bulon siminti mai inci tara ya karɓe fage, tare da tagogin luba masu gilashi jere-jere, da silin asbestos, da rufi mai ɗan kwanciya. Wasu gine-ginen farkon wannan zango suna da kyau ƙwarai, musamman waɗanda ma'aikatar ayyuka ta sa wa ido bayan an ƙirƙiro jihar Binuwai-Filato a 1967. Matsalar ta soma ne da kuɗin mai ya shigo, aiki ya fi ƙarfin masu duba shi. A 1975 ne jiragen ruwa ɗauke da siminti suka toshe tashar Legas na watanni, har wani simintin ya daskare tun yana cikin jirgi. Wannan ya isa ya nuna irin gaggawar da ake ciki. 'Yan kwangilar da ba su taɓa riƙe cokalin gini ba suka samu aikin ajujuwa, aka riƙa tsawaita buhun siminti. Ƙa'idar da birkiloli suka sani ita ce buhu ɗaya mai kilo 50 kada ya wuce bulo 25 zuwa 30 na inci tara. Da aka fara fitar da 45 ko 50 daga buhu guda, sai aka samu bulon da in filasta ta zube, da yatsa ma kana iya murtsuke shi. Wannan ne dalilin da ƙane ke riga yayansa faɗuwa.

A nan akwai tarkon da masu rubuta tarihin makarantu ke yawan faɗawa. Za ka ga an rubuta PTF ko ETF da shekara a goshin gini da manyan baƙaƙe, sai a ɗauka shekarar gini ce. Asusun rarar man fetur, wato PTF, da aka kafa a 1994, wanda Muhammadu Buhari ya shugabanta har aka rushe shi a 1999, gyara ya fi yi a makarantu: sabon kwano, fenti, ƙofofin ƙarfe. Asusun harajin ilimi, wato ETF, da aka kafa a 1993 shi ma ya taɓa sakandare kafin dokar 2011 ta mayar da shi TETFund ta taƙaita shi ga manyan makarantu. Don haka rubutun goshi sau da yawa shekarar fenti yake faɗa. Shekarar gini tana ƙasa, a dutsen harsashi da aka saba mannawa kusa da ƙofar ofis, in ba a shafe shi da filasta ba, ko a bakin rijiya da tankin ruwa inda birkila kan zana shekara da tsinke kafin siminti ya bushe.

Takardu ke tabbatar da abin da bango ya faɗa. Kowace tsohuwar makaranta tana da logbuk, babban littafin da shugaba ke rubuta abin da ya faru: ranar da sufeto ya zo, ranar da iska ta yaye rufin aji uku, ranar da aka tare a sabon ɗakin gwaje-gwaje. Shi ake fara nema, kuma yawanci yana ƙasan kabad a sabon matsuguni, gara ta ci gefensa. Sai rajistar ɗaukar ɗalibai, wadda lamba ta ɗaya a cikinta ke nuna ainihin shekarar buɗewa. Abin da ya shafi zamanin Turawa yana ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, a cikin fayilolin lardin Filato da aka kafa a 1926. Na mishan yana hannun cocin da ta gaji mishan ɗin. Bayan duk wannan, a zauna da tsohon maigadi ko tsohon kuku. Kada a ce masa "Baba, a wace shekara aka gina wannan?", don zai ba da shekara saboda kada ya kunyata mai tambaya. A ce, "Baba, da aka gina wannan, wa ke sarautar garin nan? Kun fara kashe naira ko kuna kan fam da sule?" Naira ta fito a 1973, ka ga an samu iyaka ke nan.

Yanzu ga yadda ginin ke mutuwa, kuma kusan kullum daga sama yake farawa. Jos tana da tsayin kusan mita 1,200 daga teku, ruwan da ke sauka a shekara yana kai milimita 1,400, daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma ruwan farko da iska mai ƙarfi yake zuwa, wani lokaci har da ƙanƙara. Ka ɗauki kwano guda ɗaya a kusurwar rufi. Zafin rana yana buɗa shi, sanyin dare yana tsuke shi, shekara da shekaru, har ramin ƙusa ya faɗaɗa, hular ƙusar ta yi tsatsa ta cire. Iskar Afrilu ta shiga ta ƙarƙashi ta ɗaga kusurwar. In akwai makaranta a wurin, washegari shugaba zai aika a kira kafinta, ƙusa goma ta gama magana. In ba kowa, kwanon zai yi ta kaɗawa har ya yage, na kusa da shi ya bi shi. Ruwa ya sauka kan sili, silin ya jiƙe ya lotsa ya faɗo. Ya sauka kan katakon da ke kwance a saman bango, wanda duk raftocin ke zaune a kansa. Katako mai danshi kiran gara ne, ita kuwa takan hau ta cikin ramukan bulo inda ido ba ya gani, ta cinye cikin katako ta bar fatarsa. Daga waje kamar lafiya. Ka soka sukundireba sai ta nutse har mariƙi. Da zarar katakon da ke ɗaure ƙafafun rafta biyu ya ruɓe, nauyin rufi sai ya koma tura bangaye waje, tsaga ta bayyana a kwance ƙarƙashin rufi da kuma a kusurwoyi. Daga kwano ɗaya zuwa wannan hali, damina uku zuwa biyar ta isa. Masu kwance ƙofa da taga da wayar lantarki su suke ƙarasa aikin, amma ba kasafai suke fara shi ba. Sai sun ga rufi ya buɗe suke gane an bar wurin.

Bangon dutse mai laka a ciki yana da rauni guda: kansa. Muddin rufi na rufe da shi zai kai shekara ɗari. In ruwa ya samu shiga ta sama, zai wanke lakar da ke tsakiya, fuskar ciki da ta waje su rabu, bango ya yi ciki, wata rana cikin Agusta ya zube gaba ɗaya ba gargaɗi. Bangon bulo kuwa ta ƙasa ya fi ciwo. Ƙasar haraba tana taruwa a gindinsa shekara bayan shekara har ta haye layin da aka shimfiɗa don hana danshi hawa, wanda ya kamata ya ɗara ƙasa da aƙalla inci shida. Sai danshi ya hau, ya bar farin gishiri a jikin filasta zuwa gwiwa ko ƙugu, filastar ta kumbura ta zube. A wurin linta da ginshiƙan baranda kuma rodi ne ke tsatsa. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma ninki da yawa, don haka takan fasa kankaren daga ciki. Inda aka bar wa rodi rufin kankare na inci ɗaya ko fiye, yakan daɗe. Inda aka kwantar da shi kan katakon zubi kai tsaye, shekara ashirin ta yi yawa.

Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba, kuma gane bambanci yana ceton kuɗi masu yawa. Tsagar da ba ta kai kaurin farce ba, mai yawo kamar saƙar gizo, ta filasta ce kawai. Wadda ba ta wuce milimita biyar ba ana iya buɗa ta a cike. Wadda ta kai yatsa ya shiga, musamman in ta bi layin bulo hawa-hawa kamar matakala kuma ta fi faɗi a sama, tana nufin wani ɓangaren harsashi ya sauka. Kafin a yanke hukunci a gwada ko tana motsi: a samu siririn gilashi, a manna shi a gicciye kan tsagar da ɗan siminti a kowane gefe, a rubuta kwanan wata a gefensa, a bar shi ya ga ƙarshen rani da tsakiyar damina. In gilashin bai fashe ba, ginin ya gama zamansa, sai ɗinki. In ya fashe, aikin injiniya ne, kuma a nemi dalili a ƙasa: indararo da ke zuba a gindin bango, tsohuwar shadda da aka binne, ko bishiyar turare da aka dasa dab da aji, wadda saiwarta ke tsotse ruwan ƙasa mai yumɓu da rani ta sa ta tsuke. A garuruwan haƙa irin su Bukuru da Barkin Ladi akwai ƙarin dalili, wato ginin da aka ɗora kan ƙasar da aka cike bayan an kwashe kuza. Irin wannan ƙasa takan ci gaba da zama shekaru bayan an yi gini.

Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai su ne suka fi ɗaukar nauyin ceto, kuma kuskurensu iri ɗaya ne: fenti da ƙofar shiga mai ado, saboda su ke fitowa a hoto ranar taro. Tsarin da ya dace ya saɓa wa wannan. Rufi ne farko. Jerin aji uku da baranda, mai tsawon kusan mita 27 da faɗin mita 10, rufinsa yana kai murabba'in mita 330 in an haɗa da gangare da bakin da ya zarce. Bandir ɗin kwano yana da falle 20, kuma bayan an ɗora gefe kan gefe yana rufe murabba'in mita 20 zuwa 22, don haka ana bukatar bandir 15 zuwa 17. Amma kafin a sayi ko ɗaya, a duba tsohon. Tsohon kwano ya fi na yanzu kauri nesa ba kusa ba. Mai arha da ke kasuwa yau bai wuce milimita 0.15 zuwa 0.20 ba, ƙanƙarar Filato ɗaya ta isa ta lotsa shi. In tsohon tsatsar fuska kawai ya yi, a goge shi da buroshin waya a shafa jan fenti mai hana tsatsa a mayar. In dole sai sabo, a nemi alminiyom mai tsawo na milimita 0.45 zuwa 0.55. Duk katakon da zai hau a jiƙa shi da maganin gara tukuna, har da bakin da aka yanka da zarto, don ta nan take shiga. Sannan a ɗaure katakon saman bango da langalanga ko rodi da aka binne cikin linta, kowane mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Rufin da ƙusa kaɗai ke riƙe da shi a kan bango, iska ɗauke shi take yi ɗungurungum ta ajiye a filin ƙwallo.

Bayan rufi sai ruwan ƙasa. A kwashe ƙasar da ta taru a gindin bango, a zuba daɓen kankare mai faɗin ƙafa biyu zuwa uku kewaye da gini yana gangarawa waje, a haƙa kwata ta kai ruwan nesa. Haɗin kankaren shi ne wanda kowane birkila ya sani, buhun siminti ɗaya, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa. Sai a bar bango ya sha iskar hunturu guda kafin a taɓa shi da filasta. A bangon dutse ko na tubali kada a yarda a lulluɓe shi da filastar siminti mai ƙarfi. Siminti zalla yana kulle danshi a ciki, lakar ta narke a ɓoye, filastar ta ɓare falle-falle ta tafi da fuskar bango. Haɗin da ya dace mai laushi ne: siminti ɗaya, farar ƙasa biyu, yashi tara, ko farar ƙasa ɗaya da yashi uku ba siminti sam. Maginan gargajiya da ke yaɓe da makuba sun san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi, kuma wanda ke son ganin aikinsu sai ya leƙa gidan adana gine-ginen gargajiya da ke kusa da gidan tarihi na Jos.

Akwai haɗurran da ba a gani da ido, kuma leburori ne ke fara kwasarsu. Silin asbestos in yana zaune lafiya ba ya cutarwa, amma in aka fasa shi ko aka share garinsa da tsintsiya, ƙurar tana shiga huhu ta zauna, ciwon kuma sai bayan shekara ashirin ko fiye yake bayyana. A jiƙa shi da ruwa, a cire ƙusa a sauke falle-falle ba tare da karyawa ba, a naɗe cikin leda mai kauri a binne a rami mai zurfi da aka yi wa alama, masu aikin kuma su rufe hanci da abin da aka yi don ƙura, ba ƙyalle ba. Kashin jemage da ya taru a saman sili shi ma a jiƙa shi kafin a kwashe. A ɗakin gwaje-gwaje akan tarar da kwalabe da takardar jikinsu ta goge. Kada a zuba su a kwata, kada a haɗa su wuri ɗaya, a kira malamin kimiyya ya tantance. Sai yashi. Tarin yashin da aka bari bayan wankin kuza yana da arha kuma ga shi kusa, amma a cikinsa akwai ma'adinai masu fitar da tururin nukiliya fiye da yashin rafi, abin da masu bincike suka daɗe da aunawa a Filato. Ajin da yara za su wuni a ciki ba wurin irin wannan yashi ba ne.

Duk wannan aiki yana iya tafiya a banza in ba a warware maganar fili ba, shi ya sa masu hankali ke fara ta tun kafin a sayi ƙusa. Makarantu da yawa a ƙananan garuruwa kyautar baki aka ba su fili: dagaci ya nuna daga wancan dutse zuwa waccan ɗorawa, aka yi addu'a aka watse. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin zama a kansu, amma ba kowace makaranta aka auna aka ba takarda ba. Muddin ɗalibai na wurin ba mai tayar da magana. Da sun tashi, jikokin masu gonar asali sukan ce an ba da filin ne don makaranta, tunda makaranta ta tashi fili ya dawo gida, kuma maganarsu ba wofi ba ce. Inda mishan ta gina gwamnati ta karɓa a shekarun 1970, masu iƙirari sukan zama uku. Matakin farko shi ne a ɗauko safiyo ya nemo duwatsun iyaka, a bincika fayil a ma'aikatar filaye da ta ilimi, in kuma wurin yana cikin yankin Jos da Bukuru a bi ta hukumar raya birnin Jos kafin a sauya wa gini aiki. Ta fuskar kuɗi kuma a sani cewa hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wadda ke samun kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, firamare da ƙaramar sakandare take yi wa aiki, kuma sai jiha ta ajiye nata kason. Ginin da ba ɗalibi a cikinsa ba ya cikin lissafinta.

Misalin da aka fi sani a Arewa na ginin makaranta da ya rayu bayan makarantar ta tashi shi ne Kwalejin Katsina, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu. An buɗe ta a farkon shekarun 1920, ta koma Kaduna a 1938, ta zarce Zariya a 1949 inda daga baya ta zama Barewa. Tsohon ginin na ƙasa ne, ba dutse ba, amma yana nan, saboda an ayyana shi cikin kayan tarihi na ƙasa aka mayar da shi gidan tarihi mai ma'aikata da ke buɗe shi kullum. Sakandaren ƙaramin gari da wuya ta samu wannan gata daga hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, kuma a ganina ba shi ya kamata a zauna jira ba. Ɗan haya mai amfani da wurin kowace rana ya fi allon tarihi a bango: asibitin sha-ka-tafi, makarantar yaƙi da jahilci, wurin koyon ɗinki da walda, cibiyar jarrabawa ta kwamfuta. Aji mai mita bakwai da takwas yana karɓar duk waɗannan ba tare da an taɓa bango ba.

Sai dai a rubuta yarjejeniya, a faɗi wanda zai hau rufi kowane watan Maris ya bi ƙusoshi ya share kwata kafin ruwan farko, da aljihun da kuɗin zai fito. A kuma rubuta abin da ɗan haya ba zai yi ba sai da izinin injiniya. Babba a ciki shi ne rushe bangon da ke tsakanin aji biyu don a samu zauren taro. Wannan bango ba raba ɗaki kawai yake yi ba, shi ke riƙe dogayen bangayen gaba da baya kada su buɗe, kuma sau da yawa rafta na zaune a kansa. In dole sai an cire shi, a bar aƙalla ƙafa biyu a kowane gefe a matsayin ginshiƙi, a tokare rufin da katako tukuna, a zuba linta mai rodi a sama, a ba ta kwana 21 zuwa 28 ta yi ƙarfi kafin a zare tokaren.